Ranar Da Na Ce Wa Likita Na Ji Sauƙi

Ƙofar bayan motar kaya ce ta faɗo mini a hannun dama. Ta karya wuyan hannun, ta tsinka jijiyar yatsu biyu. A wata gona ce a Umm Salal, da hantsi, muna lodin tumatir. Ƙashin ya haɗe tuntuni. Hannun ne bai dawo ba.

Sunana Tanimu, mutumin Makarfi. Shekara shida ina tuƙa motar kayan gwari daga gonaki zuwa kasuwar Abu Hamour. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, Garba abokin ɗakina yana rubutawa, don ya sa a zauren waya na 'yan Arewa da ke nan Doha. Duk wanda ke zuwa gashin ƙashi, ko yake da mai zuwa, ya karanta.

Makon farko ba ni da abin faɗi sai godiya. Motar asibiti ta zo da wuri. Aka yi mini aiki washegari, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka ɗinke jijiyoyin. Likitan da ya yi aikin Bamisire ne, dattijo, ba ya dogon zance. Ya nuna mini hoton ƙashin a jikin bango ya ce aiki ya yi kyau. Inshorar kamfani ta biya, ban cire ko riyal ba.

Da aka sallame ni sai jinya ta faɗa kan Garba. Bakano ne, mai gadi a wani babban kanti, gadonsa na saman nawa. Shi ke yi mini alwala. Shi ke ɗaure mini tazuge. Na ƙi cin abinci da hagu, don haka shi ke ba ni a baki. Duk ranar duniya sai ya ɗebo shinkafa ya tsaya da cokalin a sama.

"Bazazzagi, buɗe baki ubangidanka ya ciyar da kai."

"Bawa dai yana aikinsa."

"Ka ce Kano ta fi Zariya, in ba ka."

"Gara in kwana da yunwa."

Sai ya tura mini cokalin yana dariya. Wata ɗaya da rabi muna haka. Bai taɓa ɓata rai ba, ko ranar da ya dawo aiki ƙafarsa a kumbure. Allah ya saka masa.

A gida kowa da maganinsa. Yayana ya bugo ya ce in tattaro in dawo, akwai mai ɗori a Tudun Wada da ba a taɓa kai masa karaya ta gagare shi ba. Na ce masa ƙarfe ne a ciki, ya ce ai shi ya sa. Inna ta aiko da man shanu da garin wani saiwa ta hannun wani da ya dawo hutu. Rabi matata ba ta ba da magani ba. Tambaya ɗaya take yi: "Malam, za su bar ka a aikin?" Lokacin albashina ya koma rabi, abin da nake aikawa ma ya koma rabi. Ta fara soya awara a ƙofar gida, ba ta faɗa mini ba, a bakin 'yata na ji.

Ranar da aka cire filasta na ga hannun na kau da kai. Ya tsotse, fatar ta yi fari tana saɓa, yatsun a miƙe kamar na gunki. Na ce su lanƙwashe, suka ƙi. Likitan ya ce haka yake yi wa kowa, gashi ne zai dawo da shi. Ya tura ni wani asibitin gashi a hanyar Al Wakrah, wanda inshorarmu ke hulɗa da shi.

A nan na haɗu da Binoy, ɗan Indiya, shi ne mai gashin. Ya auna hannun da wani ɗan ma'auni mai kama da almakashi, gaɓa bayan gaɓa. Ya tambaye ni aikina. Na ce tuƙi. Ya ce to abin da za mu nema ke nan, hannun ya riƙe sitiyari ya juya shi. Ya rubuta sau nawa zan zo a mako, da abin da za a riƙa yi, da tsawon lokacin. Wannan takarda suke kira filan. Na miƙa masa hannu na ce mu fara. Ya ce a'a.

Ashe shi mai gashi ba ya da ikon farawa da kansa. Shi zai rubuta, amma sai likitan da ya turo ni ya gani ya sa hannu, sannan inshora ta yarda. Kuma sa hannun ba na har abada ba ne. Nawa na mako shida ne. In ya ƙare sai likitan ya sake ganina, ya sake sa hannu, sannan a ci gaba. Binoy ya yi mini wannan bayani da Larabcinsa na kasuwa, na fahimci rabi, na gyaɗa kai a kan duka.

Aka aika takardar ta na'ura. Na jira mako guda, shiru. Na buga, aka ce ba ta dawo ba. Na hau bas na je asibitin da aka yi mini aiki, na zauna daga safe har bayan azahar, wata mata a tebur ta duba ta ce takardar na nan, likita bai buɗe ba. Ta shiga ta fito, an sa hannu. Abin da ya ci mini kusan mako biyu, bai kai shan ruwa ba.

Gashi ba wasa ba ne. Za a tsoma hannun cikin narkakken kakin zuma mai zafi, a naɗe da tawul. In ya yi laushi sai Binoy ya kama yatsa ɗaya ya lanƙwasa har in ji kamar zai ɓalle. Ya ba ni ƙwallon roba in matsa, ya ba ni abin maƙale shanya in buɗe in rufe, ya zuba wake a faranti ya ce in tsince. Ƙato da ni, mai 'ya'ya huɗu, ina tsintar wake ina gumi. Yana cewa, "Shwayya shwayya, Baba," wato a hankali a hankali.

Amma hannun ya fara ji. A mako na uku na riƙe cokali. Garba ya ce ya yi asarar bawa. A mako na biyar babban yatsa ya taɓa manuniya, na ɗaure tazugena da kaina. Yatsu biyu na ƙarshe ne suka rage, da wuyan hannun da ba ya juyawa sosai. Binoy ya ce muna tsakiyar hanya. Ya ce ya rubuta sabuwar takarda yana neman ƙarin wata biyu, ya aika, in na ga likita ranar Lahadi zai sa hannu. Ya ce, "Wannan lokacin ne jijiya ke yanke shawara. In aka tsaya yanzu, ta manne." Wannan maganar ban manta ta ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci muna cin abinci a ɗaki, mu biyar, maganar ganin likita ta taso. Wani ɗan Gusau da ke tuƙa motar ruwa ya ce ya san wani da likita ya rubuta masa bai warke ba, kamfani ya soke bizarsa cikin mako, aka yanka masa tikiti. Wani ya ce shi ma ya ji irinta. Garba ya ajiye cokali.

"Tanimu, wasa a gefe. Wata uku ke nan ba ka taɓa mota ba. Kafil, mai kamfanin da ke riƙe da bizarka, ba ubanka ba ne. In ka je gaban likitan nan kada ka yi raki. Ka nuna masa ka warke, ya rubuta ka koma aiki. Gashin kuma ka ci gaba da abinka a gefe."

Na ce, "Hannun bai kai ba."

"Zai kai. Amma in suka sa ka a jirgi, a ina za ka yi gashin? Makarfi?"

Ba wanda ya ce ba haka ba. Ni ma ban ce ba. Dama can ni ba mai nuna ciwo ba ne. Haka aka tashe mu. An yi mini kaciya ban yi kuka ba, aka ba ni ƙwai. Inna ta yi shekara tana ciwon ƙafa, duk wanda ya shigo gaishe ta da jiki, amsarta ɗaya ce, da sauƙi. Ban taɓa jin babban mutum ya zauna yana lissafa inda ke masa ciwo ba.

Ranar Lahadi Garba ya ba ni ƙwayar kashe zafi biyu na sha. Ya cika mini fulas da ruwan zafi. Kafin a kira ni na shiga banɗaki na zuba a roba na jiƙa hannun har ya saki, yadda Binoy ke yi da kaki.

Likitan ya ce, "Yaya hannun?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Yana ciwo?"

"Babu."

"Da dare fa?"

"Babu."

Ya miƙo mini yatsunsa biyu ya ce in matse. Na matse da duk abin da Allah ya ba ni. Idona ya yi duhu, na ji zafin har cikin haƙorina, amma fuskata ba ta motsa ba. Ya ce in juya hannun, na juya da kafaɗa na taimaka masa. Layi ya cika a waje, ana ta leƙowa. Ya tambaya ko zan iya tuƙi. Na ce tun jiya ma. Ya yi murmushi ya ce, "Mumtaz. Khalas," wato ya yi kyau, an gama. Ya buga wani abu a na'urarsa, ya ba ni takardar komawa aiki.

Ban tambaye shi maganar takardar Binoy ba. Na ɗauka wannan daban, wancan daban. Na fito ina murna. Garba ya sayo kaza. Na buga wa Rabi na ce aiki ya tsaya, na ji tana gaya wa yara.

Ranar Talata na je gashi kamar kullum. Yarinyar da ke tebur ta duba ta ce an rufe fayil ɗina. Na ce wa ya rufe? Ta ce likita ya rubuta na warke, bai sa hannu a sabon filan ba, tsohon kuma ya ƙare. Na ce a kira mini Binoy.

Ya fito ya kama hannun a nan tsaye. Zafin ruwa da ƙwaya sun tafi, hannun ya koma yadda yake, har ya kumbura saboda matsar da na yi. Ya ce, "Me ka gaya wa likita?" Na faɗa masa. Ya dafe kansa.

Na ce, "To mu shiga kawai ka yi mini, ai kai ka san bai warke ba."

Ya ce ba zai iya ba. In ya taɓa ni ba sa hannun likita, aikinsa ne zai tafi. Na ce ga ɗakin, ga kakin yana zafi, ga hannun, ga ka. Ya ce ya sani. Ya raka ni har wajen ajiye motoci, cikin rana, ya nuna mini abin da zan riƙa yi a ɗaki da tawul da ruwan ɗumi. Ya cusa mini ƙwallon roba a aljihu. Ya ce in koma wurin likitan da gaggawa, kada ya wuce mako.

Kamfani kuwa ya riga ya karɓi takardar komawa aiki. Aka ba ni makullin mota. Ranar farko na yi da hagu, dama na ɗora kawai. Rana ta biyu, mota cike da kaya, na shiga shataletale, wani ya yanko gabana. Hannun da zai kama sitiyari ya zame. Mota ta hau dakalin titi, kwandunan tumatir suka zube. Allah ya tsare, ban taka kowa ba. Mudir, shugaban direbobinmu, ya zo ya kalli motar, ya kalli hannuna, ya miƙo tafinsa. Na sa masa makullin.

Daga nan sai yawo. Na koma asibiti, aka ce likitana ya tafi hutun bazara, sai bayan wata ɗaya da wani abu. Na ce wani ya sa hannu. Wanda ke madadinsa ya ce ba shi ya yi aikin ba, kuma fayil ya nuna na warke, sai in koma ƙaramin asibiti a sake turo ni daga farko. Na je ƙaramin asibiti, aka ba ni rana bayan mako biyu. Ranar ta zo, aka turo ni. Inshora ta ce wannan ciwon an rufe shi, sai an kawo dalilin sake buɗewa. Dalilin kuma likitan da ke hutu ne zai rubuta. Kowa da ladabi yake mini magana. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. A ce in zauna, a ba ni lamba, a kira ni, a ce ba nan ba ne.

Na gwada biya da kaina. Na ga wani likita na kuɗi ya rubuta mini, na yi gashi sau uku a wani wuri. Kuɗin zuwa ɗaya ya kai cefanen gidana na mako. Na huɗu ban je ba.

A ɗaki ina yin abin da Binoy ya nuna mini, safe da yamma. Amma mutum ba ya iya lanƙwasa yatsansa ya wuce inda ke ciwo, sai wani ya yi masa. Garba ya gwada, da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya saki. Ina kallon hannun yana komawa baya. Cokalin da na riƙe ya fara faɗuwa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka lanƙwashe rabi suka tsaya a nan, ba gaba ba baya. Na shafa man shanun Inna har ya ƙare.

Garba ya daina tsokanata. Ya dawo aiki ya ɗora ruwan zafi, ya jiƙa tawul, ba magana. Wata rana na ce masa, "Kai Bakano, bakinka ya mutu ne?" Ya ce, "Ni na sa ka." Na ce shi ya ba da shawara, ni na buɗe baki.

A masallacin Juma'a na haɗu da Dakta Nuhu, mutumin Gombe, likitan yara ne a nan. Ya miƙo hannu mu gaisa, na ba shi hagu ina ba da haƙuri. Ya ce me ya samu daman? Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ban tambaye ka gaisuwa ba, Malam Tanimu. Me ya same shi?" Muka zauna a inuwa na faɗa masa duka. Ya ce, "Likita ba surukinka ba ne da za ka ji kunyarsa. Abin da ka faɗa da abin da ka nuna, shi zai rubuta. Kuma mai gashi ba ya motsi sai da abin da ya rubuta." Ya ce ba ɓangarensa ba ne, ba shi da ikon sa hannu. Amma ya rubuta mini bayanin da Turanci, ya faɗa mini ofishin da zan kai, ya buga wa wani waya.

Da likitana ya dawo na shiga ba ƙwaya, ba ruwan zafi. Ya ce yaya hannun. Bakina ya ɗauko alhamdu lillahi, na ƙarasa ta, sannan na ɗora hannun a teburinsa na ce yana ciwo, ba ya rufewa, ba na barci. Ban taɓa faɗa wa wani namiji haka ba. Ya karanta takardar Dakta Nuhu, ya kalle ni ya ce, "Me ya sa ka ɓoye?" Ya sa hannu. Ina jin haushinsa da bai duba abin da Binoy ya aiko masa ba a wancan karon, don ma'aunin na ciki, gaɓa bayan gaɓa. Kuma shi ne ya haɗa mini ƙashin da kyau. Duka biyun gaskiya ne.

Sama da wata biyu ke nan rabona da ɗakin Binoy ranar da na koma. Ya ɗauko ma'auninsa ya auna. Ya sake aunawa. Bai ce shwayya shwayya ba. Na ce ya faɗa mini kai tsaye. Ya ce jijiyar yatsu biyun ta manne da nama, wuyan hannun ya sandare. Za mu samu kaɗan. Ana iya sake aiki a saki jijiyar, amma ba tabbas, kuma sai inshora ta yarda. Na ce sitiyari fa? Ya ce a sabuwar takardar bai rubuta sitiyari ba. Ya rubuta cokali, da maɓallin riga, da buta.

Ga abin da zan ce wa 'yan'uwa. Ka san ranar da takardar gashinka za ta ƙare, ka nemi ganin likita tun da sauran lokaci, ka tambaya ko zai yi tafiya. Kada ka fita ofishinsa sai ka ji da kunnenka ya sa hannu a ci gaba. In ya tambaye ka jiki, ka gode wa Allah, sannan ka faɗi ciwon duka. Tsoron tikiti gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Amma ni na ɓoye ciwo don in riƙe mota, motar ta tafi, hannun ya bi ta.

Na ce Garba ya cire wurin da ya ba ni shawara da ƙwaya. Ya ce a bar shi, wani Garban na nan a wani ɗaki yana shirin faɗa wa abokinsa haka.

Kamfani bai kore ni ba, na gode musu. Sun mai da ni gadin ƙofa a gonar da abin ya faru, albashi ƙasa da na da. Kwantiragina zai ƙare bayan ƙaramar Sallah, ba a ce mini komai a kai ba. Rabi na nan tana suyar awara. Ina zuwa gashi sau biyu a mako, maganar aiki na biyu tana wurin inshora. Ina cin abinci da dama, da yatsu uku. Kowace safiya motar da na tuƙa shekara shida tana zuwa lodi, wani ɗan Nepal ke jan ta. Ya yi hon, in tashi in buɗe masa ƙofa da hagu.